Hular da Aka Ɗora wa Célestin

A garinmu, duk tsohon gidan da ka shiga za ka tarar da zanen tsibirin Nou rataye a falo. Kusan duk kamarsu ɗaya: teku shuɗi, dogayen ɗakunan kurkuku farare fat, layin fursunoni sanye da malafa suna dakon duwatsu, sai gandiroba a gefe da farar hular kwano da sanda a hannu. Fursunonin da Faransa ta riƙa lodowa a jirgin ruwa tana jibgewa nan Kaledoniya, su ne suka zana su da fentin mai, suna sayar wa ma'aikatan jirgi su sami na taba. Waɗanda ba su sayu ba suka zama gado.

Kana zama, kafin gahawar da aka zuba maka ta huce, mai gida zai miƙe ya ɗora yatsa kan mai farar hula ya ce, "Kakanmu ke nan." Ka shiga gida na gaba, nan ma mai farar hular ne kakansu. Tun ina yarinya abin yake ɗaure mini kai: in kakanninmu duk gandirobobi ne, to su wa suka tsare? Na taɓa tambayar uwata, amsar da na samu ita ce bayan ludayi a tsakar ka.

Gaskiyar kowa ya san ta, ba a dai faɗa. Kwarin nan namu, fursunonin da suka gama wa'adi aka yanka wa gonaki a cikinsa, tunda ba a barinsu su koma Faransa. Amma ba zagin da ya kai a ce maka "jikan malafa". An fasa aure a kan kalmar nan, an fasa baki da hanci a kanta a filin tseren doki. Shi ya sa Kawu Gaetan bai taɓa rasa aiki ba. Sana'arsa ta fili ita ce rubuta allunan shaguna da fentin motocin shanu. Ta bayan shago kuwa, in zanen gidanku ba gandiroba a ciki, ko yana can nesa kamar ƙuda, sai ku naɗe shi a bargo ku kai masa. Zai zaɓi fursunan da ya fi miƙewa a layi, ya ɗora masa farar hula, ya sa masa farar riga, ya mai da digarsa sanda. Mu kan kira wannan "ƙarin girma". Ko gwamna bai ƙara wa mutane girma kamar Kawu Gaetan ba.

Gida ɗaya ne bai taɓa kai masa zane ba, gidan Goggo Fernande. Ita ta riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma, kuma shingen waya ne kawai tsakanin gonarta da tamu. Gajeriya ce mai kaurin murya, tana shan taba a lofe, tana kiwon shanunta da kanta a kan doki. In an harbo barewa, duk kwarin ba wanda ya fi ta iya cusa naman a hanji ya busar. Ban taɓa jin ta rage murya don wani babba ya shigo ba.

Ubanta, Célestin, fentin jiragen ruwa yake yi a wani gari na bakin teku a Faransa. Yana saurayi ya kwaɗa wa wani mutum guduma a ka, aka ɗaure shi aka turo shi Nou. Goggo ba ta taɓa shafa wa labarin mai ba. "Rigimar mashaya ce," in ji ta, "kuma mutumin ya mutu. Ubana ba waliyyi ba ne." Da ya gama wa'adinsa aka ba shi gona, aka aura masa wata fursuna daga cikin waɗanda ake kawowa don wannan. Matar ta rasu Fernande tana ƙarama, shi ya raine ta. In sanyi ya shigo, ita take shafa masa man kwakwa a baya, inda bulalar gandirobobi ta bar tabo kan tabo. Bai taɓa tuɓe riga gaban kowa ba sai ita.

Ya rasu tana budurwa, bai bar hoto ko ɗaya ba. Mai ɗaukar hoto ba ya zuwa irin gidajen nan, ko ya zo ma Célestin ba zai tsaya masa ba, don rabonsa da na'urar tun ranar da aka aske masa kai aka ba shi lamba. Ita kuma Goggo uwarta ta ɗauko sak, ɗanta ɗaya tilo ya ɗauko dangin ubansa. Ba wanda ya yi kama da Célestin a duniya. Abin da ya rage na fuskarsa yana cikin zanen da ya yi da hannunsa tun yana tsibirin, a kan buhun fulawa, da ragowar fentin jirgi. Ya ajiye gandiroba can nesa ya juya baya, ya jera fursunoni kowa kai a sunkuye, sannan ya zana kansa a gaba, babba, diga a kafaɗa, malafa ta koma ƙeya, yana kallon duk mai kallonsa ido cikin ido. Girarsa ta hagu a tsage take. Baki kuma kamar yanzu zai faɗi wata baƙar magana.

In baƙo ya shigo gidanta, Goggo ma takan miƙe ta ɗora yatsa kamar kowa, sai dai ita a kan malafa take ɗorawa. "Ubana ke nan. Fursuna ne. Zauna ka sha gahawa." Na ga manyan mutane sun ƙware da gahawar nan.

Tun tana makarantar sistoci take haka. Ranar da 'yan ajinsu suka kira ta 'yar malafa, washegari ta zo da malafar ubanta ta gaske a ka, ta rufe mata har kunnuwa. Sista ta ce ta cire ko ta fita. Ta fita, ta zauna gindin taga tana jin karatu daga waje da hularta. Da Honoré, wani yaro mai sanyin hali daga ƙetaren rafi, ya nemi aurenta, uwarsa ta ce zanen nan ba zai shiga gidansu ba. Fernande ta ce to amarya ma ba za ta shiga ba. Ƙarshenta Honoré ne ya tattaro komatsansa ya tare a gonarta, a nan ya zauna har Allah ya karɓi ransa. Akwai wata tsohuwa Bakanakiya, wato 'yar asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Faransawa, da ke kawo mata doya, na taɓa jin Goggo tana ce mata, "Ƙasarku aka ƙwace aka ba ubana, na sani. Shi ma ba shawara aka yi da shi ba." Tsohuwar ta ce ta sani, suka ci gaba da zaɓen doyarsu.

Sai dai a yi wa ɗanta Aristide adalci. Ita ce mai baki, shi ne mai shan duwatsu. Duk yaron garin nan yana da kaka mai farar hula da zai fake a bayansa, ban da shi, don uwarsa ta riga ta shelanta. Mun yi makaranta tare, na san sau nawa ya koma gida da yagaggiyar riga. Ya girma mutum mai aiki tuƙuru, mai ƙarancin magana, shanunsa sun fi na kowa ƙiba, kuma yana ji da uwarsa. Da ya haura arba'in, matasan makiyaya suka tsai da shi takarar shugabancin ƙungiyar masu shanu ta kwarin. Al'ada ce dattawan ƙungiya su ci abincin rana a gidan ɗan takara ranar Lahadi bayan an taso daga coci, kafin a zauna zaɓe. Babbansu kuwa Tsoho Delorme ne, wanda kakanninsa da ƙafarsu suka zo ƙasar nan ba da sarƙa ba, kuma bai taɓa bari wani ya manta da hakan ba.

Ina gidan ranar da Aristide ya roƙe ta. "Mama, yini ɗaya kawai. A kai shi ɗakinki, in sun tafi ni da kaina zan mayar."

"Gidan wa za su zo?"

"Gidanmu."

"To gidan Célestin ne. Baƙo ba ya korar mai gida daga falo."

"Mama, kin san bakin Delorme."

"Na san bakinsa tun ba haƙori a ciki. Ga shi yanzu ma ya koma ba haƙorin."

Aristide bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ba a daɗe ba doki ya kayar da Goggo a bakin rafi, ƙashin ƙugunta ya tsage, aka kwashe ta zuwa asibiti a Numeya, babban birni. Tsohuwa mai neman saba'in, me ya kai ta bin maraƙi a guje? Da na faɗa mata haka, cewa ta yi maraƙin ne bai san shekarunta ba. Ta yi makonni a kwance. Ni na je na ɗauko ta da motar mijina, ranar Juma'ar da ta gabaci Lahadin dattawa.

Ta shigo falo tana dogara sanda, ta ɗaga kai don ta gai da ubanta kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak. An yi wa Célestin ƙarin girma. Farar hular kwano ta sauko masa har gira, farar riga mai maɓallan zinariya ta rufe ƙirjinsa, diga ta zama sanda. Kawu Gaetan gwani ne, bai taɓa fuskar ba. Idanun nan ne, tsagaggiyar girar nan ce, bakin nan ne. Sai dai yanzu kallon ya zama na mai tsaron waɗanda ke sunkuye a bayansa.

Aristide yana tsaye bakin ƙofar kicin. Ya riga ta magana. "Fuskarsa tana nan, Mama. Na ce kada a taɓa ta. Ba abin da kika rasa."

Na zaci za ta yi ihu. A hankali ta ce, "Ka taɓa ganin bayan kakanka?"

"Kin san ban riske shi ba."

"Ni na gani. Masu hular nan ne suka yi aikin. Ka ɗauki hular wanda ya doke shi ka kifa masa a ka, kana ce mini ba abin da na rasa."

"Ni ma an doke ni, Mama. Saboda shi. Ba ki taɓa tambayata ba."

Wannan ta shige ta, na gani a fuskarta. Ta dube shi ta ce, "Gaskiya ne, ban tambaya ba. Wannan laifina ne, ba nasa ba. Solange, sauko mini da shi."

Solange ni ce. Na sauko da shi.

Asabar da safe na kai ta shagon Kawu Gaetan, zanen a kan cinyarta, ba bargo ba komai, duk wanda muka wuce sai da ya gani. Tsohon na hango mu ya fara goge hannu a wando.

"Fernande, yaron ne ya kawo, ni aikina na yi."

"Na ga aikinka. Ka mai da mini ubana fursuna."

Ya karɓi zanen ya juya shi, ya kanga a haske, ya girgiza kai. "Ba zai yiwu ba. Da fentin kirki ne a ƙasa, da yanzu na wanke nawa na bar nasa. Amma marigayin da man kwakwa ya tsinka fentinsa, irin wannan ba ya bushewa da gaske ko ya shekara ɗari. Tun ina ɗora nawa na ji yana motsi ƙarƙashin burushi. Sun riga sun kama juna. Duk abin da zai ci hular zai ci kan."

"Rigar fa?"

"Ita ma haka. Ki bari in ɗora malafa a kan hular, in mayar masa da rigar fursuna a sama. Ba wanda zai gane."

"Wato hular tana nan a ƙasa."

"Wa zai sani?"

"Kai ka sani, ni na sani. Ka ga, Gaetan, haka kuka mai da garin nan, fenti kan fenti. Ba ni ruwan da kake wanke burushi."

Ya dube ni ko zan sa baki. Ni kuwa na san wadda nake tare da ita. Ya zuba mata a kwalba, ya ƙi karɓar ko sisi, yana cewa, "Za ki yi kuka, Fernande." Ta ce idanunta ne.

Da muka koma gida ta sa na jingine zanen a kan teburin baranda, ta zauna gabansa. Ba ta taɓa kwalbar ba har rana ta karkata. Kallonsa kawai take yi, tana matsowa tana ja da baya, wani lokaci ta rufe ido ta buɗe, kamar ɗaliba mai hadda. Na fahimci abin da take yi, zuciyata ta karye. Na ce, "Goggo, ki bar shi haka mana. Ke kin san ko shi wane ne. Hula ce kawai, amma fuskar in ta tafi ta tafi."

"Na sani."

"To don me?"

"Don ni ba dawwama zan yi ba. Ina mutuwa, 'ya'yan Aristide za su ɗora yatsa su ce kakanmu gandiroba ne, kuma ba ƙarya za su yi ba, abin da suka gani ne. Riƙe mini katakon zanen."

Na riƙe. Ta tsoma tsumma ta fara da saman hular, a hankali, da kan yatsa. Farin ya narke ya biyo tsumman, na hango ruwan ɗorawar malafa a ƙasa, har na ce ga ta nan. Kafin in rufe baki ita ma ta narke. Ruwan ya gangaro kan goshi. Goggo ta kai busasshen tsumma da sauri ta danne, da ta ɗaga, girar hagu ta biyo shi. Hannunta ya tsaya a sama. Ido ɗaya da baki suka rage, ga rabin hular har yanzu a kai.

Na ce, "Tsaya nan, Goggo. Ko wannan ya isa."

Ta dubi idon da ya rage. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ta sake tsoma tsumman.

Ba ta tsaya ba sai da farin fenti ya ƙare tas, hula da riga da sanda. Inda Célestin yake tsaye ya zama wani dabbare mai launin toka, zaren buhun fulawa ya fito fili. Ƙafafunsa kawai suka rage, ba takalmi, da sarƙa a idon sawun dama, don Kawu Gaetan ciyawa ya zana ya rufe su, ciyawar kuma ta fita salin-alin. Kawu Gaetan ya yi gaskiya, ta yi kuka, ni ma na taya ta. Da ta gama ta fyace hanci ta ce in mayar da shi kan ƙusarsa.

Ranar Lahadi dattawa suka zo. Goggo ta dafa musu naman barewa da shinkafa kamar ba abin da ya faru, ta zaunar da Tsoho Delorme daidai inda zai fuskanci bango. Aristide ya ga zanen tun da safe, ya bar shi a kan ƙusarsa. Ana tsakiyar ci Delorme ya gyara tabarau ya ce, "Fernande, me ya sami zanenki? Wane ne wannan ba kai ba gangar jiki?"

"Ubana ne, Célestin. Fursuna ne, ga sarƙar nan kana gani. An yi masa ƙarin girma ina asibiti, ni kuma na sauke shi."

Cokula suka tsaya. A teburin nan, in ka cire Delorme, ba wanda bargon gidansu bai taɓa zuwa bayan shagon Kawu Gaetan ba. Kowa ya dubi farantinsa. Delorme ya juya ga Aristide yana murmushi. "Kai kuma me ka ce, ɗan takara?"

Aristide ya ajiye cokali. Kunnuwansa sun yi ja. "Kakana ne," in ji shi. "A ƙara maka nama?"

Bai ci zaɓen ba. Waɗanda suka fi ƙin sa ma su ne masu farar hula a falo, don ba wanda yake son a tuna masa. Ya yi watanni ba ya cin abinci a teburin uwarsa, ita kuma ba ta bi shi da ban haƙuri ba. Daga baya suka shirya yadda irinsu suke shiryawa, wato ba wanda ya ta da maganar.

Goggo ta ƙara shekaru masu dama bayan wannan. Doki dai ta haƙura da shi, amma ba ta fasa lofe ba, ba ta fasa miƙewa ta ɗora wa baƙi yatsa kan tokar nan ba. Wata rana da hantsi, a shekararta ta ƙarshe, muna zaune a baranda muna ferar dankali, sai ta ajiye wuƙa ta ce, "Solange, ya tafi."

"Wa?"

"Baba. Da, in na rufe ido ina ganinsa. Daga baya sai girar kawai take zuwa. Yau kwana da kwanaki ina nema, ko ita ba ta zuwa. Na san yana da ido, na san yana da baki, amma ban san yadda suke ba."

Can na tambaye ta ko da ta san haka za a yi, da ta bar masa hular.

Ta dube ni kamar na zage ta. Hawaye na bin kumatunta, amma muryar tana nan yadda na san ta.

"Da ido ɗaya ya rage, na ga yadda yake kallona a ƙarƙashin hular nan," in ji ta. "Ko yau aka sake ɗora masa, sai na sake gogewa."